Tafin Mutanen Cikin Waya

Wayar ba sabuwa ba ce. Yayata ce ta kawo mini ita ranar da na koma ɗakina daga wankan gida, ita kuma uwar ɗakinta ce ta ba ta, wata Hajiya malamar jami'a da take yi wa aiki a Rijiyar Zaki. Gilashin ya tsage ta gefe guda, in an kira ni sai na danna da ƙarfi kafin ta ɗauka. Amma fa akwai murya. In na ƙure ta, har maƙwabciyarmu ta bayan danga tana ji.

A cikinta na tarar da karatun Alƙur'ani, da hotunan wasu yara da ban sani ba, sai waƙoƙin wata Baturiya guda goma sha uku a jere. Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, Turancina bai wuce gaisuwa ba, don haka har yau ba zan iya maimaita kalma ɗaya daga abin da take faɗa ba. Muryarta a dishe take, kamar ta macen da ta wuni a bakin murhu da ɗanyen itace. Jita take kaɗawa. Wani lokaci tsirkiyar ta ja dogon kuka irin na kukuma, wani lokaci kuma ta ajiye waƙar ta busa wani ɗan abu mai siririyar murya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mutanen da ke ciki. Tana waƙa, wani yana tari. A waƙa ta huɗu kofi ya faɗi ya fashe. A ta bakwai ita kanta ta manta baiti, ta tsaya, ta ce wani abu, jama'a suka kwashe da dariya, ta sako daga farko. Na ɗauka wayar ce ta lalace, ta haɗa waƙar da hayaniyar wani gidan biki. Da na nuna wa maigidana, ya kara a kunne, ya ce, "Ba lalacewa ba ce. A gaban jama'a aka ɗauka, kamar yadda ake ɗaukar wa'azi ka ji ana kabbara." Ya miƙo mini, ya ƙara da cewa, "To ke me kike ji a ciki? Ƙila ma zaginki take yi."

Na ce in ma zagin ne, ai a hankali take yin sa.

Ƙauyenmu yana kusa da Bagwai, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Gidanmu mu huɗu ne: maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ni, da jaririyata. Ni kuwa tun ina yarinya Allah ya yi ni da fargaba. Nakan rufe rijiya, in je ɗaki, in dawo in duba ko na rufe. In maigida ya yi jinkiri a kasuwa, kafin ya shigo na riga na ga babur ɗinsa a cikin rami sau uku. To muryar matar nan tana kwantar mini da wannan abin. Ina surfe tana yi, ina wanki tana yi. Har na san mutanen cikin wayar kamar 'yan unguwarmu. Na san inda mai tarin zai yi tarinsa. In an kusa wurin kofin nakan ce a raina, to, ga shi nan zai faɗi.

Yarinyar ita ce 'yar farina. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na faɗin sunanta. Ba na yi mata wasa a gaban mutane, ba na ɗaga ta sama in yi mata dariya. In ta yi kuka a tsakar gida, sai in ci gaba da abin da nake yi kamar ban ji ba, har sai Inna ta ce, "Ke, zo ki ba ta ta sha." In ba ta, in kawar da kai, in mayar wa Inna. In wata ta ce, "Kai, yarinyar nan ta yi ƙiba," sai in tashi in shiga ɗaki. Haka uwata ta yi wa yayata, haka na ga kowa yana yi, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba. Yarinya ta Inna ce. Ita ke goya ta, ita ke yi mata tawai, ita ke tsokanar ta da cewa tsohuwa mai baki ba haƙori. Ni dai nawa ido ne. Daga bakin murhu, daga gindin turmi, ina kallon ta ta gefen ido, kuma babu motsin da take yi ban gani ba.

Tana da wata bakwai, da tsakiyar damina, zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Kwana biyar jikinta kamar garwashi. Aka kai ta asibitin sha-ka-tafi, aka yi mata allurai, Allah ya tashi kafaɗunta. Kowa ya yi hamdala. Ta koma cin abincinta, ta fara rarrafe, haƙora biyu suka fito.

Amma ta daina gwaranci. Kafin ciwon, da ta farka za ta kama ba-ba-ba, da-da-da, ita kaɗai, har Inna ta ce wannan in ta girma dillaliya za ta zama. Bayan ciwon abin ya riƙa raguwa, har ya ɗauke. Sannan da, in babur ɗin babanta ya tsaya a ƙofar gida, tun bai shigo ba take juyawa wajen zaure. Yanzu sai ya zo gabanta, ta gan shi, sannan ta yi murna. Wata rana murfin tukunya ya suɓuce mini a bayanta, ko gezau ba ta yi ba.

Wa zan gaya wa? In na buɗe baki na ce, "Inna, ina jin yarinyar nan ba ta ji," na nuna ke nan cewa wuni nake ina sa mata ido. Na yi ta juya maganar a ciki har aka fara yankan gero. Daga ƙarshe na bi ta wajen maigida. Na kawo masa abinci, na tsaya ina gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara, na ce, "Malam, wai zazzaɓi yana taɓa kunne?"

Ya ɗago ya dube ni. "Kunnen wa?"

Na ci gaba da gyara tabarmar. Ya gane. Shi ma 'yar farinsa ce, shi ma ba zai iya tsayawa a kan maganar ba, sai ya kai wa Inna a matsayin wai wani ne ya faɗa a majalisa.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙawata ce ba ta ji? Wannan da ko ɓera ya gifta sai ta waiga? Ku zo ku gani." Ta zaunar da ita a ƙasa, ta zagaya bayanta, ta ɗauki taɓarya ta sauke a turmi, dum. Yarinya ta juyo. Inna ta sake, ta sake juyowa. Sannan ta tsaya a gefenta ta tafa hannu, yarinya ta ɗago tana dariya.

"To kun gani? Miskilanci ne kawai, irin na ubanta. Shi ma sai da ya shekara biyu kafin a ji bakinsa. Ku bar ja wa 'yar mutane abin da Allah bai ɗora mata ba."

Maigida ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki laujensa ya fita. Ni ma na so in yarda, wallahi na so. Amma na ga abin da ba su gani ba. Da taɓarya ta sauka, ba turmin ta fara duba ba. Ƙasa ta fara kallo, ta dafa tafin hannunta a kai, sannan ta juya. Turminmu babba ne, in ana daka ni kaina ina jin sa a tafin ƙafata. Tafin hannun kuwa, rana tana bayan Inna, inuwar hannuwanta ta faɗo a gaban yarinyar kafin ƙarar. Duk abin da za mu gwada ta da shi a gidan nan, ko dai ya girgiza ƙasa, ko ya yi inuwa, ko ya kaɗa iska. Abu ɗaya da ba ya yin ko ɗaya daga ciki shi ne a tsaya a bayanta a kira sunanta da ƙarfi, ni kuwa bakina ba zai iya ba. Inna in ta kira, tana kira tana miƙa hannu tana rangaji, ko kurma ya san ta zo.

A cikin waƙoƙin akwai ta tara, wadda ta fi kowace sanyi. Babu ganga, babu abin busa, daga matar sai jitarta. Tana tafiya muryar tana yin ƙasa, tana yin ƙasa, har ta koma kamar raɗa, sai jitar ma ta tsaya. Sai tsit. Mai tarin ma ba ya tari a wurin. Na sha ƙirgawa, numfashi uku ne. A na huɗun wani mutum, da alama yana daf da abin ɗaukar maganar, ya saki wani irin fito mai tsinka kunne, jama'a kuma su ɓarke da tafi kamar ruwan sama ya sauka a kan kwano.

Wata rana da hantsi ina wanki, na rataye wayar a igiyar shanya cikin ɗankwali don kada ruwa ya taɓa ta. Na ƙure ta saboda ƙarar ruwa. Aka zo wurin fiton. Akuyarmu da ke ɗaure ta zabura har ta kifar da kwanon dusa, kaji suka watse. Yarinyar tana zaune a tabarma, taku biyu daga igiyar, ta ba ta baya, tana cizon ludayi. Ba ta daina cizon ba.

Na tsaya da kumfa a hannuna. Ga ƙarar da ba ta taɓa ƙasa, ba ta da inuwa, ba ta da hannu. Kuma ni kaɗai a duk garin na san lokacin da za ta zo.

Bayan kwana biyu Inna ta tafi suna a wani ƙauye da ke gaba da mu, maigida yana gona. Na ja ƙyauren zaure. Na zaunar da ita ta fuskanci bango, na ba ta ludayinta, na rataye wayar saitin kunnenta na hagu, na koma inda inuwata ba za ta kai gare ta ba. A lokacin ban san yadda ake tura waƙa gaba ba, dole sai na kunna ta tara daga farko na jira ta ƙare. Ban taɓa sanin waƙar tana da tsawo haka ba. Matar tana ta jan muryarta a hankali, ni kuma ina ya Allah, ya Allah. Muryar ta yi ƙasa. Jita ta tsaya. Ɗaya, biyu, uku.

Ko gashin idonta bai motsa ba.

Na mayar da tabarmar ɗaya gefen, wayar ta koma dama, na sassauto da ita kusa. Na sake jiran waƙar tun daga farko. Wannan karon da fiton ya fito, ta ƙifta ido, ta tsayar da ludayin, ta ɗan karkata kai kamar mai jin kira daga wata unguwa. Sannan ta ci gaba da wasanta.

Sau shida na yi a ranar, har caji ya ƙare. Hagu babu. Dama da ɗan saura, in an matso. Na ɗauke ta na rungume, tunda ba mai gani na, na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska kafin Inna ta dawo.

Yanzu na sani, amma sanin bai buɗe mini baki ba. Kwana huɗu ina neman hanya. Ran na biyar muna zaune da la'asar muna ɓarar gyaɗa a ƙarƙashin rumfa, ni da Inna, yarinyar tana gabanta tana wasa da ɓawo. Na tashi kamar zan kwashe shanya, na rataye wayar a bayansu, na ƙure murya, na kunna ta tara, na dawo na zauna.

Inna ta ce, "Kin fara ko? Wannan matar taki kullum kamar an yi mata mutuwa. Ba ta da ta biki ne?"

Na ce, "Yanzu za ta gama, Inna."

Muka ci gaba da ɓara. Yatsuna suka kasa fasa ko ƙwaya ɗaya, na yi ta juya guda a hannu. Muryar ta yi ƙasa, Inna ta manta da ita, ta shiga ba ni labarin wadda ta zo sunan nan da zanen aro. Jita ta tsaya.

Da fiton ya tashi, Inna ta yi tsalle daga zaune, faifan gyaɗar ya kife. "Innalillahi! Ke, wace irin masifa ce wannan? So kike ki tsinka mini zuciya in mutu ki huta?"

Ban ma dube ta ba. A karo na farko tun da na haihu, na zuba wa 'yata ido a gaban Inna, ban kawar ba. Inna ta bi idona. Yarinyar tana nan yadda take, ta sunkuya, tana ƙoƙarin cusa ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsun ƙafarta. Mutanen cikin waya suna ta tafi a bayanta.

Inna ta waiga ta dubi wayar, ta sake duban yarinyar. Sannan ta ce, "Sake."

"Inna, sai an jira ta yi waƙar tun daga farko."

"To ina za ni? Mu jira."

Muka jira. Inna ba ta taɓa sauraron waƙar nan ba sai ranar. Ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya, idonta a kan ƙeyar jikarta. Da muryar ta fara yin ƙasa na ɗaga mata yatsa, ta gyaɗa kai. Duk da ta san yana zuwa, sai da kafaɗarta ta motsa. Yarinyar ba ta motsa ba.

Na ce a hankali, "In an kai dama, kusa, tana ɗan ji."

Inna ta kwance wayar da hannunta, ta riƙe ta a bayan kunnen daman, muka sake jira karo na uku. Yarinyar ta ƙifta ido, ta karkata kai. Inna ta ajiye wayar a kan tabarma kamar mai ajiye ƙwai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin a yanke gero nake zargi."

"Kika zauna da shi a ciki? Gero har ya shiga rumbu?"

"Inna, 'yar fari ce."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta shafa kunnen hagun da babban yatsa. Ta ce, "Ubanta sai da ya yi wayo sosai kafin ya san ni na haife shi. Yaya yake ce mini." Ta ɗago ta dube ni. "Tashi ki kira yayarki. Ki ce gobe muna tafe, ta nemo mana inda ake duba kunne."

Da sassafe muka shiga motar Kano, ni da Inna da maigida, yarinyar a bayan Inna. Yayata ta tare mu a tasha, uwar ɗakinta ta riga ta yi mana kwatancen asibitin. Muka yi layi har azahar. Likitar mace ce, ba ta fi yayata shekaru ba. Ta dubi Inna da goyo, ta dube ni a raɓe a bakin ƙofa, ta ce, "Wace ce mahaifiyar?" Inna ta nuna ni da baki.

Aka shiga da ita wani ɗaki da ba a jin motsin waje, aka manna mata wasu wayoyi a kai tana barci. Da aka gama likitar ta zaunar da mu. Ta ce kunnen hagu zazzaɓin ya tafi da shi, ba zai dawo ba. Na dama yana da sauran ji, kuma akwai ruwa da ya taru a ciki yana ƙara toshe shi, wannan ana maganinsa. In ya washe za a gwada mata ɗan abin da ake saƙalawa a kunne. Ta ce mun zo a kan lokaci, don yanzu ne shekarun da yaro ke ɗaukar magana, in suka wuce abin yana wuya.

"Wa ya lura? Yawanci sai yaro ya shekara uku ba ya magana ake kawo mana shi."

Inna ta ce, "Ita ce. Ita da wata Baturiya." Ta kwashe labarin igiyar shanya ta faɗa, har da tsallen da ta yi. Likitar ta yi dariya har ta cire tabarau.

Sannan ta juyo gare ni. "To Maman yarinya, sauran aikin naki ne. Kullum ki zauna ta damanta, kusa, inda za ta ga bakinki. Ki kira sunanta. Ki yi ta yi mata surutu, wannan ludayi ne, wannan akuya ce, ga ruwa. Ki yi mata waƙa. Ba sau ɗaya a rana ba, wuni za ki yi kina yi."

Na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Maigida ya kama duban silin.

Inna ta ce, "Likita, 'yar fari ce fa. Ni zan yi."

"Inna, ki yi, babanta ma ya yi. Ni ma 'yar fari ce, na san abin. Amma bakin mutum ɗaya ba zai ishe ta ba, kuma wadda take shayar da ita ta fi kowa kusa da kunnen nan."

Inna ta miƙe. Ta gyara goyonta muka fito.

Kafin mu koma tasha muka biya Rijiyar Zaki don mu yi wa Hajiyar godiya. Da yayata ta ba ta labari, ta riƙe baki. Ta ce ta ma manta waƙoƙin suna ciki, tun tana karatu a ƙasar waje take jin su. Ta ce matar ita ke rubuta waƙoƙinta da kanta, irin kiɗan mutanen karkarar Amurka ne gauraye da na baƙaƙen fatar can, ta faɗi sunayensu da Turanci, ban riƙe ba. A wani ɗan ƙaramin zaure aka ɗauka, shekaru da yawa da suka wuce. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ta taran ke cewa, don ni na riga na yanke a raina cewa ɗanta ne ya rasu. Hajiya ta saurara kaɗan, ta yi murmushi, ta ce a'a, tsohuwar motar babanta ce ta mutu mata a hanya, ta zauna a gefen titi tana tuna shi. Inna ta ce, "Mota? Duk wannan kukan a kan mota?"

Ni ban ji haushi ba. Har yau in na idar da salla ina sa matar nan a addu'a, Allah ya shirye ta ya ba ta lafiya in tana raye. Ina sa Hajiya, da yayata, da likitar. Har mai fiton nan nake sawa, wanda na tabbata a ranar wani na kusa da shi ya harare shi. Ya je kallon waƙa, abin ya yi masa daɗi, ya sa yatsu a baki, bai san akwai wani ƙauye kusa da Bagwai ba.

Yanzu shekarar yarinyar biyar. Tana sa abin kunnenta, tana zuwa Islamiyya, malaminsu ya san ya zaunar da ita ta inda damanta zai fuskance shi. Wasu haruffan har yanzu ba sa fita daidai, kuma in ana hayaniya sai ta kama kallon bakin mutane. Amma tana magana, har takan yi yawa. Ina da fargabata har gobe, ban san yadda makarantar boko za ta kasance mata ba.

Yadda aka fara kuwa, washegarin dawowarmu daga asibiti ne. Bayan azahar Inna ta yafa mayafinta, ta ɗauki ɗan kwanonta, ta kwance goyon ta ajiye mini a kan tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba sai in nono za a ba ta. Ta ce, "Zan shiga maƙwabta, an ce ƙafar tsohuwar nan ta tashi. Zan daɗe." Ta fita ta ja ƙyauren zaure da kanta. Haka ta yi ta yi kullum har wajen wata biyu, ƙafar tsohuwa ba ta warke ba, kuma ba ta taɓa tambayata abin da muke yi in ta fita ba. Da matan unguwa suka fara cewa surukar gidan nan ba ta da kunya, an ji ta ta bayan danga tana kiran 'yar fari gatsau, Inna ce ta ce musu umarnin likita ne, wadda ke da magana ta je Kano ta faɗa.

A ranar farkon dai, da gidan ya yi tsit, na zagaya ta damanta na durƙusa. Na kawo fuskata daf da tata. Na buɗe baki, sunan ya tsaya a maƙogwaro, iska kawai ta fito. Na waiga zaure, ba kowa. Na sake, ya fito a shaƙe kamar ba muryata ba. A na uku na faɗe shi sosai, yadda aka raɗa mata shi.

Ba ta san nata ba ne tukuna. Ta dai tsaya, ta dubi bakina da kyau, ta miƙo hannu ta kama leɓena na ƙasa ta ja. Na bar mata shi a hannu, na sake faɗa.